Abin da ya sa 'lo-karent' ke ƙona firij, siririyar waya kuma ke tayar da gobara

Da zarar zafi ya kankama a watannin Maris da Afrilu, unguwanni da dama a Kano da Kaduna da Sakkwato kan shiga wani hali da magariba: ga wuta an kawo, amma fanka na juyawa da ƙyar, firij kuma sai gurnani yake yi, ya kasa tashi. Sunan da kowa ya sani shi ne "lo-karent". Sai dai abin da ya ragu a wannan lokaci boltej ne, karent ɗin da ke ratsa injin firij kuwa ƙaruwa yake yi, kuma shi ne ke ƙona shi.

Abubuwa uku ne ke tafiyar da wutar lantarki, kuma tankin ruwa na saman gini ya isa misali. Boltej shi ne ƙarfin turi, kamar yadda tsayin tanki ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a famfo, ana auna shi da bolt. Karent shi ne yawan abin da ke gudana a cikin bututun, ma'auninsa amfiya. Na ukun ita ce turjiya, wato yadda bututu ke matse ruwa idan ya yi siriri ko ya yi tsawo, ana auna ta da om. Wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Ohm, shi ne ya wallafa dangantakarsu a 1827: a raba boltej da turjiya, abin da ya fito shi ne karent.

A ƙa'ida, soket ɗin gida a Najeriya yana ba da bolt 230, yayin da na Amurka ke ba da 120, shi ya sa wasu kayan da aka shigo da su daga can ke ƙonewa da an jona su kai tsaye. Wutar kuwa ba da wannan ƙarfin take barin madatsun Kainji da Jebba da Shiroro ba. Ana ɗaga ta zuwa bolt 330,000 a turo ta manyan tashoshi irin na Mando a Kaduna da Kumbotso a Kano, sannan a riƙa sauke ta mataki-mataki: 132,000, sai 33,000, sai 11,000, kafin taransifomar unguwa ta mayar da ita yadda gida zai iya ɗauka. Dalilin wannan ɗagawa shi ne, idan boltej ya yi sama, karent kaɗan ya isa ya kai ƙarfin da ake so, waya kuma ba ta ɓarnatar da shi ta hanyar zafi.

Matsalar tana farawa ne daga taransifoma zuwa gida. Kowace waya tana da turjiyarta, kuma duk karent da ya bi ta sai ya bar wani ɓangare na boltej a hanya. Idan unguwa ta bunƙasa, gidaje suka ninka, amma taransifoma da wayoyin na nan yadda suke, to da kowa ya kunna kayansa da dare sai asarar ta yi yawa. Gidan da ke ƙarshen layi shi ya fi ji a jikinsa. Injin firij ko na AC ko na famfon burtsatse yana buƙatar ƙarfi tsayayye, don haka idan turin ya ragu sai ya jawo karent fiye da kima, wayoyin cikinsa su ɗau zafi har rufinsu ya narke. Mafi sauƙin kariya a nan ita ce a zare fulogi har wutar ta daidaita.

Sitabilaiza tana taimakon mai ita, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Ƙarin karent take ja daga layin don ta ɗaga boltej a ɗakin da take, wanda ke nufin tana ƙara rage na maƙwabta. Idan kowane gida ya sayi tasa, nauyin a kan taransifoma ɗaya yake taruwa.

Inda lissafin ya fi tsoratarwa shi ne wajen zafi. Idan karent ya ninka sau biyu a waya ɗaya, zafin da take fitarwa ninkawa yake yi sau huɗu. Dutsen guga mai wat 1,000 yana jan amfiya 4 da ɗan ɗoriya, hitar dafa ruwa mai wat 2,000 kuma kusan 9. A haɗa su biyu a kan ƴar wayar ƙari ɗaya, an riga an kai amfiya 13, iyakar fis ɗin da ke cikin fulogi mai baki uku, alhali yawancin wayoyin ƙari masu araha ba za su jure hakan ba. Wannan ne ya sa masu wayarin ke sa waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 a layin fitilu, 2.5 kuma a na soket. Akwai kuma wayar da ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da shi, don haka arhar da aka samu a kasuwa a cikin bango take komawa zafi.

Mahaɗar da ba a ɗaure da kyau ba ma haka take. Waya biyu da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda suna da turjiya mai yawa a wuri ɗaya, nan ne zafi ke taruwa. A shagon da ke cike da atamfa ko katifa, musamman lokacin hunturu da komai ya bushe, hakan ya isa. Fis kuma an yi shi ne don ya riga wayar gida ƙonewa. Wanda ya maye shi da ƙusa ko waya mai kauri don ya daina tsinkewa, ya cire mai gadi ne kawai.

Jikin ɗan'adam ma wannan lissafin yake bi. Busasshiyar fata na iya kai turjiyar om 100,000, jiƙaƙƙiya kuwa tana iya sauka zuwa 1,000. A bolt 230, wannan ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfiya, wanda ya isa ya rikita bugun zuciya. Na'urar kariya da ake sa wa a allon wutar gida tana yanke wuta ne tun a miliamfiya 30. Daga nan ake gane haɗarin hitar da ake tsomawa a bokiti, a kuma sa hannu don a ji ko ruwan ya yi zafi.

Masu sola su ma ba su tsira ba. Batir mai bolt 12 ba ya jan mutum idan ya taɓa shi, shi ya sa ake raina shi. Amma inbata mai wat 1,000 da ke aiki a kansa tana jan sama da amfiya 80, wato ninki shida na abin da fulogin gida ke ɗauka, kuma wayar da ke tsakaninsu dole ta zama gajeriya, mai kauri, da fis ɗinta kusa da batirin.