Me ya sa Komadugu take cika bayan damina ta wuce?

A jihar Difa ruwan sama ba shi da yawa. A garin Difa, abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 300 ba. Galibi a watan Yuli da Agusta yake sauka, zuwa ƙarshen Satumba ya ɗauke. To amma a watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da sama ta yi tas, a nan ne Komadugu take cika har ta shiga gonaki da gidaje. Ina ruwan yake fitowa?

Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa. A Nijeriya yake tasowa, daga ƙasar Kano da tsaunukan Jos da Bauci. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are ne suke kwaso shi. Akwai manyan madatsun ruwa a hanya, kamar Tiga da aka gama a 1974, da Calawa ta 1992. Daga nan ruwan yana bazuwa cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa yake tafiya sannu-sannu. Sai ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya iso iyakar Nijar, ya ratsa ƙasar Maine Sorowa da Cetimari da Difa da Geskeru, ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Ruwan da ya sauka a Kano cikin Agusta sai ya yi makonni da yawa kafin ya iso Difa.

Saboda haka damina tana iya yin ƙaranci a Difa, amma kogi ya yi ambaliya, in dai an sha ruwa a can yamma. A Oktoban 2019 ruwa ya raba mutane fiye da 20,000 da gidajensu. A 2022 ma an sha wahala.

Abin baƙin cikin shi ne lokacin da ruwan yake zuwa. Manomi ya riga ya dasa tattasai, ya zuba taki, wani ma da bashi ya sayo shi. Shinkafa ba ta nuna ba. Kwana kaɗan cikin ruwa, tattasai ya mutu. Ginin laka kuwa, in ruwa ya kwanta a gindinsa, faɗuwa yake.

Amma tafiyar hawainiyar ruwan tana ba jama'a lokaci. Ma'aikatan ruwa suna auna kogi a Bagara, kusa da Difa, ana kuma faɗar labari a rediyo. Da an ji ruwa yana hawa, a janye injin ban ruwa daga bakin kogi, a kai hatsi da dabbobi kan tudu. A taru a cika buhuna da rairayi, a ƙarfafa wuraren da ruwa ya saba ɓallewa. Rijiyar da ruwan kogi ya shiga, kada a sha ruwanta sai an tafasa, don gudun zawo da amai.