Ramukan Hular Kwano da Kokawar 'Yan Tseren Keke da Iska

Shirinmu na musamman na yau kan keke zai hau, keken tsere, kuma daga ƙasar Faransa za mu ɗauko zaren.

Ranar 23 ga Yuli, 1989, aka yi zangon ƙarshe na gasar Tour de France, daga Versailles zuwa Paris, kilomita 24.5. Tseren agogo ne, kowa shi kaɗai zai fita. Laurent Fignon, ɗan gida, yana gaba da daƙiƙa 50, 'yan kallo sun riga sun ba shi kofi a zuci. Ya fito kai babu hula, gashinsa ɗaure a ƙeya. Greg LeMond na Amurka kuwa ya ɗora hular kwano mai wutsiya, ya kafa wasu ƙarafa biyu a kan kekensa, ya kwantar da hannuwa a kansu, ya dunƙule. A wannan 'yar tafiya ya ba Fignon ratar daƙiƙa 58. Bayan mako uku ana taka feda, tafiyar sama da kilomita 3,000, daƙiƙa 8 kacal ta raba gardama. Har yau gasar maza ba ta sake ganin tazara mai ƙanƙanta haka ba.

Tun daga ranar masu tsere suka daina wasa da iska. Wanda ya taɓa tuƙa keke da babbar riga yana fuskantar iskar hunturu ya san zancen a cinyoyinsa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, idan gudu ya kai kilomita 40 zuwa 50 a awa, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin mahayi wajen ture iska yake tafiya. Ka ninka gudu sau 2, turjiyarta ta ninku sau 4, ƙarfin da za ka zuba kuma sau 8.

To, ina ramuka suka shigo? Daga ƙwallon golf. Tun da daɗewa 'yan wasan suka lura tsohuwar ƙwallo da ta sha duka ta ƙoƙƙoje ta fi sabuwa sumul nisa, shi ya sa yanzu ake ƙera ta da 'yan ramuka wajen 300 zuwa 500. Ku saurara da kyau, don nan ne gaɓar. Babbar matsalar tana bayan ƙwallon. Iskar da ke bin jikin abu mai santsi takan saki jikin da wuri, ta bar wani faffaɗan gurbi a baya inda matsinta ya yi ƙasa, wannan gurbi shi ke janyo ƙwallon baya. Ramukan suna dama siririyar iskar da ke manne da jikin, ta samu kuzarin ci gaba da lafewa har ta zagayo baya sosai kafin ta saki. Gurbin ya tsuke, ja ya ragu, ƙwallo ta yi kusan ninkin nisan da za ta yi da a ce sumul take.

Masu ƙera kayan keke suka ce ga banza ta faɗi. Kamfanin Zipp na Indianapolis ya bi wilinsa da ramuka, yana cewa suna riƙe iska a jikin wilin idan ta bugo ta gefe. Kamfanin Louis Garneau na Kanada ya kai su kan hular kwano. In ka ɗauki irin wannan hula ka shafa goshinta, yatsanka zai riƙa faɗawa cikin lotsa-lotsa jere reras, kana wuce tsakiya sai ka ji sumul har ƙarshen wutsiya.

Amma fa a nan ni ina da ja. Ƙwallo dunƙulalliya ce, ba ta da wata dabarar sallamar iska, dole ramuka su yi mata rana. Hular tsere kuwa an riga an fiƙe bayanta don iska ta sulale ta haɗe a hankali. Ciwon da ramuka ke magani kaɗan ne a jikinta, su kuma ramukan suna ƙara gogayya. Ga shi dabarar sai girman abu da gudunsa sun dace take ci. Ku dubi manyan gasanni a yau, akasarin hulunan tseren agogo sumul suke, sai dai girma da faɗi. Abin da ya fi ramuka tasiri shi ne yadda mahayi ya riƙe kansa. Gajiya ta kama shi, ya sunkuya ya kalli feda, wutsiyar hula ta miƙe sama ta tare iska, ribar da aka sha wahalar aunawa a ɗakin gwaji ta bi ruwa. A ganina, rabin aikin ramukan kan hula a kanti suke yin sa, wajen jan idon mai saye.

Inda dabarar ta ci sosai shi ne jikin mutum, wanda ke ɗauke da kimanin kashi 3 cikin 4 na turjiyar baki ɗaya. Damtse da ƙwauri mulmulallu ne, iska na sakinsu da wuri. Saboda haka aka koma saƙa rigunan tsere masu kaushi a kafaɗa da hannu, da safa mai zane-zane a tsaye. A 2017, a zangon farko na Tour de France a birnin Düsseldorf na Jamus, 'yan ƙungiyar Sky suka fito da riguna masu 'yan ƙuraje a damtse da kafaɗa. Geraint Thomas ya lashe zangon, abokan hamayya suka kai ƙara, alƙalai suka ce rigar ba ta saɓa doka ba.

Daga baya hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta gyara dokar. Tun 2019 kaushin yadi ba zai wuce milimita 1 ba, safa kuma ba za ta haura rabin tsakanin idon sawu da gwiwa ba. Shi ya sa in kuna kallon tseren agogo za ku iya ganin jami'i ya durƙusa gaban zakaran duniya da ma'auni a hannu, yana auna masa safa kafin a bar shi ya hau sirdi.