Yadda matan Yauri ke riƙe 'yan uwansu mata da rikici ya koro

A Yelwa da Birnin Yauri da Wara da Shanga, da yawa daga cikin matan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu ba a sansani suke kwana ba. Suna cikin gidajen jama'a, wata a ɗakin da aka kwashe buhunan hatsi aka ba ta, wata a kangon da mai shi bai ƙarasa ginawa ba.

Wasu sun fito ne daga Danko-Wasagu da Sakaba a masarautar Zuru, wasu daga ƙauyukan Jihar Neja da ke maƙwabtaka, wasu kuma daga cikin ƙasar Yaurin kanta. Akwai masu takaba a cikinsu, akwai masu goyo, akwai waɗanda suka baro amfanin gona ba su girbe ba.

Kafin wani tallafi na hukuma ya iso, matan unguwa ne ke fara ɗaukar nauyinsu, ba tare da albashi ko ofis ba.

Ƙasar da ta san ƙaura

Tashi daga gida ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an sauya wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa waɗanda ruwa ya cinye tsibiransu da gonakinsu. Tsofaffin matan da suka ga wannan tashi suna yara, wasunsu na raye har yau.

Tun kafin nan Sarkawa masunta sun biyo kogin Kwara sun zauna, sannan tafkin ya jawo ƙarin masunta da 'yan kasuwa daga nesa. Shi ya sa a kasuwar Yauri za a ji Hausa da Gunganci da Kambarci da Fulatanci a layi ɗaya.

Bambancin shi ne, masu zuwa a da sukan zo da jari ko sana'a. Na yanzu da yawa sun zo ne da kayan jikinsu kawai.

Abin da maƙwabciya ke yi

Taimakon farko ƙarami ne a ido: tukunya, tabarma, zani, da kwanon tuwon dare. Amma abin da ya fi daɗewa yana amfani shi ne gabatarwa. Matar da ta sauke baƙuwa ita ke sa maigidanta ya kai maganar wurin mai unguwa, ita ke raka ta awon ciki, ita ke nuna mata ranar rigakafin yara da makarantar Islamiyyar da za ta sa 'ya'yanta.

Sai maganar sana'a. Matar da ta taso a kan tudu ta iya daddawa da ƙuli-ƙuli da surfe, amma ba ta san yadda ake sarin kifi a bakin ruwa ba, balle banda. Matan masunta ne ke koya mata gyaran kifi da yadda ake jera shi a kan wuta don kada ya ƙone ko ya yi tsutsa. Wasu kuma akan shigar da su aikin gumin shinkafa ko tsintar albasa, a biya su da kuɗi ko da awo.

Har shiga jirgin ruwa sai an koya. Mutanen Ngaski ba su manta da hatsarin watan Mayun 2021 kusa da Wara ba, inda jirgin da ya ɗauko fasinjoji fiye da ƙima ya nutse da mutane da dama.

Adashe kuwa shi ne ƙofar jari. Uwar adashe ba ta karɓar wadda ba ta sani ba, don haka sai wata 'yar gari ta tsaya mata, ta ɗauki alkawarin cike zubi idan ta gaza. In aka ba baƙuwar kwasa da wuri, ta samu bashi ke nan marar ruwa wanda za ta biya a hankali.

Wannan tsari yana da tushe. Littafin Baba of Karo na 1954 ya bayyana yadda matan Hausawa ke ƙulla ƙawance da zumuncin yaya da ƙanwar rana, inda babba ke ɗaukar ƙarama tamkar jininta. A zamanin nan ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, da zumuntar mata ta coci-coci, sun ba irin wannan aiki tsari a garuruwa da dama na Arewa.

Zargi da gajiya

Sai dai karɓar baƙo ta yi wuya tun bayan 17 ga Yunin 2021, ranar da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Wasu daga cikin 'yan matan sun shafe kusan shekara biyu a daji.

Tun daga lokacin, tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto ya sa ana yi wa sabuwar fuska kallon tuhuma. Matar da ta sauke baƙuwa tana jingina mutuncin gidanta ne, domin in wani abu ya faru ita za a fara tambaya. Matan Fulani da rikicin ya koro su ma, sun fi kowa shan wannan kallo.

Ga kuma tsadar abinci. Gidan da ke auna kwano biyu ya koma ciyar da baki goma sha, kuma zaman da aka ɗauka na wata ɗaya ne yakan kai shekara. A nan ne 'yan mata ke faɗawa talla har dare ko aikatau, wasu a aurar da su da wuri don a rage nauyi.

Inda hukuma ta rage

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare 'yan gudun hijira na cikin gida, kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan lamarin a 2021. Dukansu sun tanadi a taimaki al'ummar da ta sauke su, ba waɗanda suka gudo kaɗai ba.

Matsalar ita ce rabon kaya yakan bi jerin sunaye, kuma matar da ke ɓoye a ƙuryar gidan wani ba lallai sunanta ya shiga ba, musamman idan katin shaidarta ya ƙone ko ya ɓata a hanya.

Waɗanda suka san ɗakin da kowace baƙuwa take, da yawan 'ya'yanta, da wadda ke da ciki, su ne ungozomomi da uwayen adashe da malaman Islamiyya mata. Idan hukumar agajin gaggawa ta Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga suka sa su cikin aikin ƙidaya da rabo, tare da masu unguwanni, kayan za su fi isa inda ake bukata, kuma a ware wa gidan da ya yi saukar nasa kason.