Riruwai: Dutse Mai Aman Wuta da Muke Wucewa Ba Mu Sani Ba

Direban da ya ɗauko hanyar Jos daga Kano, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada ya kutsa Dajin Falgore, abu biyu ne a ransa: ramukan titi, da kada magariba ta riske shi a daji. Ba shi da sukunin kallon tsaunukan da ke tasowa idan an doshi Doguwa. A cikin fasinjojinsa kuwa ba za a rasa saurayin da ke latsa waya ba, yana kallon bidiyon Turawa sun sha rigunan sanyi, sun ratsa dusar ƙanƙara, suna shiga kogo a gefen wani dutse mai aman wuta. Da za a ce masa duwatsun Riruwai da ke kusa da hanyar nan ragowar irin wannan dutse ne, sai ya ce wasa ake.

Ba wasa ba ne. Masana duwatsu sun ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 170 da suka shuɗe, wajen nan ya yi aman wuta da toka mai yawan gaske. Da rumbun narkakken dutsen da ke ƙarƙashi ya yi sauƙi, sai saman ya rufta ciki, tsagar ta kewaye wurin, sabon narkakken dutse ya biyo tsagar ya daskare. Shi ya sa idan aka dubi Riruwai a taswirar tauraron ɗan'adam, da'ira ake gani mai faɗin fiye da kilomita 15. Ba ita kaɗai ba ce. Irin waɗannan da'irori sun jeru tun daga Azbin a Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka sauko Ningi da Jos har zuwa Afu kusa da Binuwai, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Jacobson da MacLeod sun wallafa cikakken bayanin duwatsun Riruwai a 1977 ƙarƙashin hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya, daga baya Judith Kinnaird da Peter Bowden suka zurfafa a kan ma'adinanta. Ɗalibin ilimin duwatsu a Turai yana iya cin karo da sunan Riruwai a littafi, ɗan sakandaren Kano kuwa ya gama makaranta bai ji labarin ba.

To ina kogon? A nan ne ya kamata a yi wa mai karatu gaskiya, domin masu tallan yawon buɗe ido sun iya zuzuta abu.

Kogon da ake gani a bidiyo, wanda mutum zai yi ta tafiya a cikinsa a tsaye, yana samuwa ne idan dutsen da ya narke mai ruwa-ruwa ne. Dubi kunu mai zafi idan an bar shi a ƙwarya: sama ya yi yana, ƙasa yana nan da ruwansa. Haka narkakken dutse yake idan yana gangara. Samansa ya sha iska ya ƙandare, cikinsa ya ci gaba da malala. Ranar da aman ya tsaya, na cikin ya tsiyaye ya bar rami dogo mai rufi. Kogon Kazumura na Hawai ya kai kusan kilomita 65. A Saudiyya ma akwai Ummu Jirsan a yankin Khaibar, arewa da Madina. Wanda ya fi dacewa da zancenmu shi ne na Dutsen Etna a tsibirin Sisili na Italiya, wanda aman da aka yi tsakanin 1614 da 1624 ya haifar. Yana can sama da mita 2,000, bakinsa ya sunkuya ƙasa, don haka iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, takan gangara ciki lokacin hunturu ta maƙale. Dusar ƙanƙara ta narke ta ɗiga ciki ta sake daskarewa. Ƙanƙara ba ta yankewa a cikinsa ko da bazara, har makiyaya kan je can neman ruwan dabbobi, alhali dutsen bai daina aman wuta ba.

Riruwai ba ta da irin wannan, kuma dalili biyu ne. Abin da ta amayar mai kauri ne da danƙo, irin wanda yake fashewa ya watsu maimakon ya malala. Sannan ga tsufa. Kogon narkakken dutse ba ya daɗewa a lissafin masana ƙasa, rufinsa ruftawa yake yi, balle a ce shekara miliyan 170 na ruwan sama da rana. Zaizaya ta cinye mafi yawan saman dutsen, abin da muke takawa yau cikinsa ne. Dusar ƙanƙara kuwa babu ita; iyakarmu jaurar hunturu da ƙanƙarar da kan zubo da ruwan farkon damina ta ɓarnata shuka.

Kogwannin da irin waɗannan duwatsu suke bayarwa na daban ne. Ruwa yana bin tsagar dutse yana cin ta, har manyan duwatsu su rabu, wani ya jingina da wani, a samu ɗaki a tsakani. Wanda ya taɓa sunkuyawa ya shiga irinsa ya san yadda yake: zafin waje ya yanke nan take, warin kashin jemage ya cika hanci, ƙasa ta yi laushi da turɓaya, ga ƙayar beguwa a yashe, wani lokaci ga baƙin hayaƙi a rufi inda mafarauci ko makiyayi ya taɓa hura wuta. Ba su da zurfi, amma kada a raina su. A irinsu ne aka samu zanen shanu na mutanen da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950. Duwatsun Ningi kuwa, 'yan'uwan na Riruwai ne ta wajen asali, su suka ba Ningawa mafakar da suka daɗe suna gagarar dakarun Kano a ƙarni na 19.

Ramin Riruwai mai zurfi na gaske hannun mutum ne ya haƙa shi, kuma tsohuwar wutar ce ta jawo. Lokacin da dutsen ke hucewa, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogi ya ajiye kuza da tutiya da darma, a wata jijiya da ta miƙe gabas da yamma kusan kilomita 5. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta siraran sanduna, fatake su kai Kasuwar Kurmi da gaba. Sandunan nan ne suka sa 'yan kamfanin Neja bin sawu har suka gano kuzar ƙasar Bauchi da Jos, kuma da mulkin mallaka ya kafu sai sana'ar narkawa ta gargajiya ta mutu. A shekarun 1970 aka shiga haƙa ta ƙarƙashin ƙasa da injuna don cim ma jijiyar. Aikin bai yi tsawon rai ba. Ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Oktoban 1985.

Ga wanda zuciyarsa ke raya masa shiga, tsohon ramin haƙa ya fi kogon Allah haɗari nesa ba kusa ba. Da zarar an kashe injin zuƙe ruwa, rami yakan cika. Katakon tokare yakan ruɓe. Iskar da ba ta zagayawa takan rasa abin da numfashi ke buƙata, kuma ba ta da wari balle ta yi gargaɗi. Mutum sai dai ya ji jiri, ya zauna ya huta, shi ke nan. Wasu duwatsun Riruwai suna ɗauke da ɓurɓushin yuraniyom, wanda ke fitar da iskar radon mai cutar da huhu idan ta taru a rufaffen wuri. Ko ƙurar dutse mai darma ba abin kaiwa gida ba ce, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Kogon jemagu ma yana da nasa: busasshen kashinsu na iya sa ciwon huhu, kuma a kogon Kitum na Dutsen Elgon a Kenya, mutum biyu da suka shiga a 1980 da 1987 sun kamu da cutar Marburg suka mutu. Ƙa'idar masu shiga kogo a ko'ina ɗaya ce: kada a shiga a kaɗaice, kowa ya riƙe tocila fiye da ɗaya, a sa hular kwano, a bar wani a waje da ya san lokacin fitowa, a ɗauki ɗan gari, kuma a haƙura da damina. Yaran nan 12 na Tailan da kocinsu ruwan sama ne ya rufe su a cikin kogo a 2018, sai da duniya ta taru kafin a fito da su.

Sai kuma maganar tsaro, wadda ita ce ta kori baƙi daga yankin. An keɓe Dajin Falgore ne tun shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, ya zama gandun namun daji a ƙarshen shekarun 1960, amma ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka ɓata masa suna har sai da aka girke sojoji. Duk da haka, yanki ɗaya ne ya haɗa gandun daji, da kogin da ke cika madatsar Tiga, da ruwa mai gangarowa na Zainabi, da ƙasa mafi tudu a jihar Kano.

Ban ga laifin gwamnati ta nemi masu zuba jari a haƙar ma'adinan Riruwai ba. Amma kafin a kira kowa yawon buɗe ido, akwai aiki mai araha da ya kamata a fara: sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil su zauna da dagatai da mafarauta da tsofaffin 'yan kuza, a bi kogwanni da ramuka ɗaya bayan ɗaya a sa su a taswira, a katange masu haɗari, a horar da samarin garin su zama 'yan jagora. Tsofaffin da suka yi aiki a ƙarƙashin ƙasar nan suna ƙarewa, a je a same su tun suna iya ba da labari.