Ilmin Zaman Halittu da Tsaron Namun Daji a Jami'a

Ilmin zaman halittu shi ne binciken yadda itatuwa da dabbobi da mutane su ke dogara da juna, da ƙasa da ruwan da su ke rayuwa a kai. Tsaron namun daji kuwa reshe ne nasa. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen gandun daji a 1963, shekarar da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji. Kafin nan an keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A ƙasar Katsina, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da wannan fanni.

Ɗalibi ya kan fara da ilmin tsirrai da na dabbobi da na ƙasa, sa'an nan ya koyi ƙidayar dabbobi da awon daji. Amma ba sai ya je Yankari ba kafin ya ga abin da ya karanta. A Ƙofar Sauri, bakin ganuwar Katsina, masu lambu suna ban ruwa da rafin Ginzo, wanda ke kwashe ruwan kwatamin birni. Ruwan yana ɗauke da taki, yana kuma ɗauke da dauɗa. Abin da ya shiga rafi ya shiga ƙasa, daga ƙasa sai latas da kabeji, daga nan sai cikin mutum. Wannan sarƙa ita ce tushen ilmin duka.

Haka kuma sha'anin ungulu. Dā ba a raba ta da mahauta, tana share mushe kafin ya yaɗa cuta. Guba da cinikin sassan jikinta don magani sun rage ta ƙwarai, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

A nan ne malaman Hausa su ke da nasu aikin. Littattafan fannin da Turanci aka rubuta su, sunayen kuwa na Latin ne, alhali manomi da maharbi da makiyayi da Hausa su ka san daji. Tun fil azal manomi ya san gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tauye gero, yana ƙara wa gona ƙarfi. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, barin kututture ya tofo, watau sassaben zamani, ya mai da itatuwa gonakin da su ka yi fako. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, Bargery ya ƙara a ƙamusunsa na 1934, amma da sauran aiki, dattawan da su ka san sunayen kuwa suna ta ƙarewa. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su rubuta abin da ke bakin waɗannan dattawa tun suna raye, gama ɗalibin da bai san sunan itace da harshen mai gona ba, ba zai iya shawo kansa ya bar shi a tsaye ba.