Sadarwa Tsakanin Kwamfutocin Sarrafa Masana'antu: Darasi Daga Wutar Lantarkin Maiduguri

1.0 Gabatarwa

A manyan masana'antu da tashoshin wuta, akan rarraba manyan kwamfutoci, waɗanda ake kira uwayen garke, a wurare daban-daban. Kowace tana tattara awon zafi ko na ƙarfin wuta daga na'urorin da ke kusa da ita, sannan ta aika wa cibiya, cibiya kuma ta mayar da umurni. Wannan tsari shi ake kira SCADA. A Nijeriya, cibiyar kula da manyan layukan wuta tana Osogbo, fiye da kilomita 1,000 daga Maiduguri. Maƙasudin wannan maƙala shi ne fito da abubuwa uku da ya kamata a lura da su wajen haɗa irin waɗannan kwamfutoci.

2.0 Hanya Fiye da Ɗaya

A watan Janairun 2021, mahara sun rusa turakun layin wuta da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin ya faɗa cikin duhu. An gyara a watan Maris, aka sake rusawa bayan 'yan kwanaki. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa akan ɗora wayar sadarwa ta zaren gilashi a saman turakun wuta. Idan turke ya faɗi, wuta da labari sukan yanke tare. Dogaro da layin wayar salula kaɗai ma bai wadatar ba, domin a 2013 an rufe shi a Borno na tsawon watanni saboda dalilan tsaro. Ke nan, wajibi ne a tanadi hanya ta biyu, kamar rediyo ko tauraron ɗan'adam, wadda ba ta bi sawun ta farko ba.

3.0 Lokaci

Wutar Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Don haka yanke wuta idan layi ya sami matsala aiki ne na na'urar da ke wurin, ba ya jiran amsa daga nesa. Haka kuma, dole agogon kwamfutocin ya zama ɗaya, galibi ta hanyar GPS, domin a gane abin da ya fara lalacewa.

4.0 Tsaro

A Disambar 2015, masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta a Yukren ta hanyar kwamfutocin ofis, suka kashe wa masu amfani da wuta kimanin 225,000. Wannan ya nuna muhimmancin gina katanga tsakanin layin ofis da layin sarrafa injuna.

5.0 Kammalawa

A 2023 an buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, a Maiduguri, domin birnin ya rage dogaro da layi ɗaya. Wannan hikima ita ta dace da sadarwa: a bai wa kowace uwar garke ikon ci gaba da aiki da adana bayanai idan ta yanke daga cibiya, har hanya ta dawo. Hausawa dai sun ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.