Katin gaisuwa na hannu: Zumuncin da waya ta kasa maye gurbinsa

Duk safiyar Sallah wayoyin jama'a kan cika da hotunan rago da jinjirin wata, ɗauke da gaisuwa iri ɗaya. Mutum guda kan tura wa mutum ɗari hoto ɗaya a WhatsApp, kafin hantsi kuma akasarinsu sun goge shi. Gaisuwar ta isa, amma ba ta ambaci sunan kowa ba.

Neman sauƙi a wajen gaisuwa ba yau ya fara ba. A shekarar 1843, wani jami'in gwamnatin Ingila mai suna Henry Cole ya sa mai zane John Callcott Horsley ya zana masa katin Kirsimeti, aka buga kwafi 1,000 a Landan. Daga nan katin gaisuwa ya zama hajar kasuwa, wadda ke hutar da mai aikawa daga rubuta wa kowa tasa wasiƙar. Katin da aka yi da hannu ya sha bamban: lokacin da aka ɓata a kansa shi ne ainihin kyautar.

Kayan aikin ba su da tsada. Farin kwali mai girman A4, idan aka ninke shi biyu, ya zama kati. Sai almakashi da gam da alƙalami. Ragowar ƙyallen atamfa ko shadda da tela ke zubarwa kan ƙawata fuskar katin fiye da duk wata takarda mai ƙyalli, musamman idan daga yadin ɗinkin Sallar gidan aka yanko shi. A shafa gam kaɗan, a danne da littafi mai nauyi har ya bushe, don kada kwalin ya lanƙwashe.

Fasahar adon ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu zayyanar allo sun daɗe suna haɗa tawada da gawayi da ƙaro, suna fidda zane da ja da rawaya da kore. Masu ƙunshi da masu ɗinkin hula su ma suna da nasu salon. Dagi guda a tsakiyar kati, ko siririn zane a gefensa, ya wadatar. Yawan ado kan danne saƙo.

Saƙon kuwa shi ne ran katin. Wanda aiki ya riƙe a Abuja bai samu zuwa gida ba, ya kira mahaifiyarsa da sunan da ya saba kiranta, ya tuna mata da wani abu da su biyu kaɗai suka sani, ya rufe da addu'a da kwanan wata. Layi uku na gaskiya sun fi shafi guda na aro. Sai dai a guji rubuta ayoyin Alƙur'ani, domin kati kan iya ƙarewa a inda bai dace ba.

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Idan ƙafa ta kasa zuwa, gara hannu ya wakilce ta. Hoton waya kan ɓace ranar da aka canja wayar, amma katin da jika ya zana wa kakarsa da karkataccen rubutunsa kan shekara a ƙasan akwati, tare da zannuwan da ta fi so.